Hannun da Na Rataye wa Inna

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara. Yaya ƙafar Baba?

Ni da sauƙi, kar ki tayar da hankalinki. Aikin nono aka yi min irin na Inna, har da kaluluwar hammata, amma ina warwarewa.

Jiya likitar motsa jiki ta tsayar da ni gaban bango, ina tattakawa sama da yatsu. Na ce ina tsoron kar hannun ya kumbura. Ta auna damtsena, ta ce motsi a hankali ba ya kawo kumburi in ana lura, rashinsa ne ke sandarar da kafaɗa.

Sai na fashe da kuka. Ta ɗauka zafi ne.

Kin tuna yadda na rataye hannun Inna da gyale, ko kofi ta ɗauka sai na yi faɗa? "Ki bar ni in gwada mana," take cewa. Har ta rasu ba ta sake ɗaura kallabi da kanta ba.

Kar ki gaya wa Baba. Ki sa mu a addu'a.

Yau na ɗaura nawa kallabin da kaina, amma na kasa duba madubi.

Yayarki