Sakan Arba'in a Shekarar 1970

Bolori, Maiduguri
Talata, 7 ga Oktoba, lokacin hutun rana, agogon Najeriya

Zuwa ga Ketura, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar bishiyar maina a tsakiyar zafin Afrilu, furen bado da ke buɗewa a bakin tafki ba tare da ya nemi iznin kowa ba,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Ina fata kin tashi lafiya, ke da Kawu Nicodemus da duk mutanen gida a Galtimari. Kin san ni ba gwanin baki ba ne. In na tsaya a gabanki harshena nauyi yake yi kamar buhun gero da ruwa ya daka, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake ofishinmu ɗaya ne, kuma bango ɗaya ne ya raba teburina da naki.

Ran Asabar ɗin nan manyana za su zo gaban kawunki su nema mini aurenki. An wanke riguna an goge, an sanar da fasto, yayata ta taso daga Biu. Ya kamata a ce yanzu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Amma Ketura, akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifin Baga, na haɗiye ya ƙi wucewa, na yi tari ya ƙi fitowa, kuma ba na so in shiga gidanku da shi.

Kin tuna bara, bayan ruwan ambaliya ya janye daga gari, da muka shanya takardun ofis a kan tabarmi a tsakar gida? Kowa ya gaji ya koma inuwa, ke kaɗai kika rage kina ɓamɓare shafi daga shafi da bakin cokali, a hankali, don kada ko ɗaya ya yage. Na zo na durƙusa kusa da ke ina ɗora duwatsu a kan waɗanda iska ke son ɗauka. Kika ɗago kika dube ni, da laka a kumatunki, kika ce ashe akwai wani mai tausayin takarda ban da ke. Wayyo, wannan kallo! Shekarata arba'in da ɗoriya a duniya, ban taɓa sanin cewa rana tana iya fitowa sau biyu a yini ɗaya ba sai ranar. Wace zuma ce ta kai wannan magana zaƙi? Wane ruwan randa ne ya kai ta sanyi? Tun daga ranar nake ganin duk abin da kika taɓa ba zai yage ba, har da ni.

To ga abin da ya faru, zan jera miki shi yadda ya zo, don kada in ƙara ko in rage.

Kin san aikina na ƙarshen wata. Na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofa tana aika lokacin shigar kowa da fitarsa zuwa rumbun bayanai, ni kuma in ciro rahoton, in duba, in miƙa wa shugaba. Kin kuma san cewa tun watan Agusta da safe kawai nake dangwalawa, in wuce sito a Maisandari wajen bututu da famfuna, sai washegari. Ba na ganin tashinki. Abin da kika faɗa mini shi na sani: biyar kike tashi, ki wuce gida, ran Alhamis kuma ki wuce coci wajen koyon waƙa.

Da na ciro rahoton watan jiya, idona bai nemi sunan kowa ba sai naki, yadda ya saba. Sai na ga fitarki ƙarfe huɗu. Litinin huɗu, Talata huɗu, Laraba huɗu, mako bayan mako, ban ma iya bin layin har ƙarshen wata ba. Awa ɗaya kowace rana, Ketura! Ina take zuwa? Wa yake shan inuwarta? Na duba safiya kuma na ga shigarki bakwai, alhali takwas kike ce mini. Wa ke buɗe ofis da bakwai in ba Nasidi ba, mai kula da kwamfutocinmu, mai turare da dariyar da ake ji daga bakin titi?

Kwana biyu ina yawo da wannan a cikina kafin hankali ya ce mini in duba sunana. Na duba. Ni ma an rubuta na shigo bakwai, ni da ba na barin gida sai an gama labaran safe. Maigadi ma haka, direba ma haka. Ofis gaba ɗaya ya matsa baya da awa ɗaya.

Na kai wa Nasidi takardar ba tare da na nuna masa layin da ya dame ni ba. Ya duba, ya dafa goshi. Ya ce rumbun ba ya ajiye rana da wata yadda muke rubuta su. Lamba ɗaya doguwa yake ajiyewa, adadin sakan ɗin da suka wuce tun daga shigowar shekarar 1970, kuma da agogon GMT yake ƙirgawa. Sai an zo nuna wa mutum ne ake mayar da lambar ta zama rana da awa, a ƙara mata awa ɗaya ta dawo agogon Najeriya. Da ya sauya mana manhaja a farkon watan jiya, ya manta bai saka wannan ƙarin a rahoton ba. Ya yi dariyar nan tasa ya ce, “Malam Yoila, kai da rediyo ba ta barin kunnenka? Kullum ba ka jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar?” Ya gyara layi ɗaya a kwamfutarsa, ya danna, duk huɗunki suka koma biyar a gaban idona.

Ya hasken gidana da ban gina ba tukuna, da kin ga yadda na fito daga ɗakin nan! Na ji kamar tsuntsun da aka kwance wa zare. Na roƙi gafarar Ubangiji, na roƙi taki a zuciyata. Da a nan maganar ta tsaya, da wannan takarda waƙa ce daga farko har ƙarshe.

Amma ba ta tsaya ba.

Washegari Ya Kellu, mai dafa mana shayi, ta ajiye mini kofi ta tsaya tana kallona da gefen ido. “Ango,” ta ce, “ina ka shige ran Alhamis har wani ya tare wa amaryarka keke Napep?” Na yi murmushin dole na tambaye ta wa. Ta ce yaron kwamfuta mana, wai ke da shi tare kuka shiga, rana na tsaka, ko la'asar ba a kira ba. Ta ɗauki farantinta ta tafi tana dariya, ba ta san ta bar garwashi a teburina ba.

Alhamis ɗin ƙarshen wata take nufi. Ita ce ranar da na kira ki da yamma kika ce biyar kika tashi, kina coci, ba za ki daɗe a waya ba. Na san Ya Kellu ba ta duba agogo, na san takan haɗa Laraba da Alhamis ta ce rana ɗaya ce. Na ce wa kaina ai ga rahoto an gyara shi, shi zai raba gardama. Na buɗe, na bi layinki da yatsa har na iso ranar. Kin san abin da na tarar? Fitarki: 1 ga Janairu, 1970, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na dare. Shekara ashirin kafin a haife ki, Ketura! A duk kwanakin watan, wannan rana ɗaya da nake buƙata ita ce na'ura ta jefa cikin rijiya.

Ba ke kaɗai ba ce, dole in faɗi gaskiya. Duk wanda ya dangwala da rana a ranar an kai shi 1970. Bayanin Nasidi shi ne batiran sola sun yi ta ɗaukewa, ƙaramin batirin da ke riƙe wa na'urar agogo kuma ya mutu, don haka duk lokacin da wuta ta dawo sai ta fara ƙirga daga sifili, kuma sifili a wurinta shi ne farkon 1970. Bayani ne mai kyau. Ya zauna daram, babu inda ya karkace. Amma daga bakin wa ya fito? Daga bakin mutumin da aka ce an gan ku tare. Shi ke riƙe da makullin rumbun. A gabana ya ƙara awa ɗaya a rayuwar mutum goma sha wani abu da layi ɗaya. Wanda ya iya haka, me zai hana shi ya ɗauki yammaci guda ya wurga shi baya shekara hamsin da biyar? Ina rubuta wannan ina jin kunya, domin bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma zuciya ba ta tambayar kunya kafin ta yi zargi.

Na yi ƙoƙarin lissafi da kaina. Na ce in na san lokacin da wuta ta dawo, sai in ɗora mintocin a kai in sami ainihin lokacin. Na tambayi maigadi. Ya ce ta ɗauke sau uku ko huɗu, shi ba ƙirgawa aka ɗauke shi yi ba. Lissafi ya rushe.

Abu ɗaya na'urar ba ta manta ba. Layinki da na Nasidi suna bin juna, naki a sama, nasa a ƙasa. Na ɗauki lambarki na cire daga tasa. Arba'in. Sakan arba'in tsakanin yatsanki da nasa. Ta ɓatar da shekara, ta ɓatar da wata da rana da awa, amma ta riƙe mini wannan kamar mai mugun nufi. Na tsaya a bakin ƙofar na gwada da agogon hannuna. Sakan arba'in ya ishi mace ta dangwala, ta gyara jaka, ta tsaya jiran wani. Ya kuma ishi mutum biyu da babu abin da ya haɗa su su fita ɗaya bayan ɗaya in an tashi aiki. Sannan wani tunani ya zo ya ƙara dagula mini: tunda na'urar ta koma sifili ba sau ɗaya ba, mai yiwuwa ke kin dangwala bayan wata dawowar wuta, shi bayan wata, ya zama arba'in ɗin nan a gaskiya awa uku ce. Kin gani? Ko zargin nawa ma ba ni da ƙasar da zan kafa shi. Ina ɗora ƙafa tana nutsewa, kamar yashin bakin kogi.

Ya ke kankanar rani, ya ke tauraruwar da nake duba hanya da ita, me ya sa nake wa kaina haka? Shin ni ne na ɗauki tsoron tuzuru na sa masa rigar lissafi? Ko kuwa akwai abin da kowa ya gani a ofis sai ni, na Maisandari, mai ƙirga bututu? Na dubi madubi na ga furfura a gemuna, na tuna shi matashi ne, yana magana da kwamfuta tana amsa masa. Me kika gani a wurina da ba zai dushe ba? Amma sai in tuna cokalin nan da takardun nan, in ce mace mai wannan hannu ba za ta yaga mutum ba.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Shugaba ya ce ba za a karɓi rahoto da 1970 a ciki ba. Ya ce in bi kowa in tambaye shi lokacin da ya tashi ranar, in shigar da hannuna kafin Juma'a. Na bi kowa na cike. Nasidi shi ya cike nasa da kansa, ya sa biyar. Naki kaɗai ya rage. Sau uku ina zuwa ƙofarki da takardar, in ji muryarki kina waya, in juya.

Ga roƙona. Kada ki amsa mini a waya, kada ki rubuto. Gobe da safe, kafin in wuce Maisandari, zan tsaya ƙarƙashin mainar da ke bakin ofis. Ki zo ki dubi idona ki faɗa mini ƙarfe nawa kika tashi ran Alhamis ɗin nan. In asibiti kika je, ko wajen tela, ko wata hidima da kika ga bai kamata in sani ba tukuna, faɗa mini, ni mai iya ɗauka ne. In kuwa zuciyarki ce ta sauya gida, ki tausaya mini ki faɗa kafin tsofaffina su sa hulunansu su kama hanyar Galtimari. Zan ji ciwo, amma ba zan ɗaga murya ba, kuma ba za ki ji sunanki a bakina wurin kowa ba.

In kuma kika ce biyar, biyar zan rubuta. Ba zan koma wurin Ya Kellu ba, ba zan sake cire lamba daga lamba ba. Ki san wani abu game da rumbun nan: duk gyaran da aka yi da hannu, yana ajiye sunan wanda ya yi a gefensa, da lokacin da ya yi, kuma ba a gogewa. Ke nan duk abin da kika faɗa zai zauna can da sunana a kusa da shi, ni ne shaidarsa, ko da ban gani da idona ba. Na yi tunani sosai, na ga abin da za a tambaye ni a gaban fasto ma bai wuce wannan ba.

Har zuwa goben, layinki yana nan yadda na'ura ta bar shi, ban taɓa ba. Kina can a farkon 1970, ke kaɗai, kowa ya dawo ya bar ki. Ki zo ki faɗa mini inda zan same ki, in dawo da ke.

Naki, da kowane agogo aka auna, na nan ko na can, muddin ana ƙirga mini sakan a duniya,

Yoila