Wendell Ya Ce Asabar Yana da Wanki

Zuwa ga Yayata Marlys,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Dale da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Kin ga har na iya rubuta addu'a, abin da bara ba na iyawa. Mu nan Spokane lafiya lau, sanyi ya fara shigowa, ina nan ina aikina a gidan burodi.

Maganar ƙanenmu Wendell ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutanen Gona, ƙungiyar addinin nan da ni da shi muka baro, sun samu lambarmu. Ɗan'uwa Orrin, wanda ya gaji shugabancin, ya kira shi da wannan muryar tasa mai zaƙi, wai tun da Wendell ya tafi babu mai kaɗa ƙararrawar addu'ar asuba daidai, wai mota za ta zo ɗaukarsa ranar Asabar. Na dawo aiki na tarar ya haɗa jaka. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa mutanen da suka riƙa ɗaure masa hannu lokacin addu'a, wai aljani ne ke kaɗa masa yatsu, su zai koma wa?

Washegari na ja shi wurin Malama Nadine, likitar da muke zuwa muna zance da ita tun da muka fito. Ita ce ta gane cewa ƙwaƙwalwar Wendell haka aka halitta ta, tana son tsari, hayaniya kuwa azaba ce gare ta, kuma babu wani aljani. Na zaci za ta yi masa faɗa. Ina! Sai ta tambaye shi me ya fi kewa a can. Ya ce a Gona ya san abin da ke bin bayan kowane abu, kuma ba a magana wurin cin abinci. Ya ce gidan Ronda kuwa, wato gidana, rediyo ba ya mutuwa, yau a ci da rana, gobe a ci a tsaye gaban firiji, kamar gidan da babu babba. Malama ta kasa riƙe dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

A hanya na yi ta tunani. Shekara arba'in ana ce mini tashi, zauna, durƙusa, shi ya sa da na samu kaina na rantse agogo ba zai ƙara mulkina ba. Ashe abin da ke warkar da ni shi ke korarsa. Bai taɓa kewar wa'azin Orrin ba, ƙararrawar kawai yake kewa. Malama ta ce tsari ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne wa ya tsara shi. Don haka muka bar Wendell ya raba ranakun mako yadda yake so. Yanzu abincin dare shiru muke ci, ni da bakina da kika sani.

Ranar Juma'a Orrin ya sake kira. Ina wanke kwanoni ina jin su, amma ban sa baki ba, don Malama ta gargaɗe ni kada in zama sabuwar shugabarsa. Na ji ya ce musu ba zai samu zuwa ba, Asabar yana da wanki. Ya ajiye waya ya ci gaba da jera cokula. Ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Kada ki ɗauka an gama. Bai ce musu kada su ƙara kira ba, kuma na san za su kira. Kowace rana ya ba ta aikinta, ban da Lahadi da yamma, lokacin babban taro a Gona. Nan ne yake zaune yana kallon titi. Na tambaye shi me za mu sa a wurin, ya ce ko Yaya Marlys za ta riƙa kira. Na san kin tsani Gona fiye da kowa, amma don Allah kada ki zage su a kunnensa. Ki tambaye shi labarin jiragen ƙasa kawai, zai cika miki kunne. Abu ɗaya nake roƙo, idan kin fara kada ki tsallake ko Lahadi ɗaya, domin su ba sa tsallakewa.

Ki gaishe mini da Dale, da Corinne, da ɗan rigimarki Tobias, da Gwaggo Verna idan kin leƙa ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ronda