Na Sa Hoton Kawuna Ya Yi Ja a Bangon Ofis

Anti Kulu, don girman Allah ki taimake ni. Duk wanda na kai wa wannan maganar dariya yake yi, ni kuwa ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni 'yar Yakasai ce, ina aiki a wani ɗan kamfanin rubuta manhajar waya a saman bene, wajen Ƙofar Nassarawa. Mai kamfanin ƙanin mahaifiyata ne, Kawu Abdulmalik. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, don haka kar ki ɗauka raina shi na yi.

Muna haɗa wa wani asibitin kuɗi manhajar da za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranar rigakafin 'ya'yansu. A aikinmu akwai gwaje-gwajen da kwamfuta take yi da kanta: duk wanda ya taɓa manhajar, sai ta bi ta duba ko ya ɓata wani abu. Ni aka ba aikin tura sakamakon zuwa allon rahoto, wata ƙatuwar talabijin da Kawu ya kafa a bango don ya ga irinta a Legas. In lafiya, allon ya yi kore. In an yi ɓarna, ya yi jajawur. Da iyayina na ƙara da sunan mai ɓarnar da hotonsa. Kawu har tafa mini ya yi, ya ce yanzu malalata za su shiga taitayinsu.

Anti, ashe shi ne sarkin ɓarnar. Ya daɗe da barin rubuta manhaja, sai dai in marmari ya taso masa bayan Azahar ya zauna wai zai ɗan gyara wani abu. Yana tashi sai ga shi a bango, da hular zanna bukar da murmushin ranar ɗaurin aurensa, ja ya kewaye shi. Abokin aikinmu Hashim banɗaki yake gudu ya ƙarasa dariyarsa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da zan haɗa sanarwar sakamakon gwajin da zauren WhatsApp na ofis, ashe na danginmu na zaɓa, don sunayen sun yi kama. Ranar Talata saƙo ya faɗa wa dangi cewa Abdulmalik ya faɗi gwaji, an sami matsala a ɓangaren rigakafi. Aka karanta wa kakarmu Hajiya 'Yardada, ta ɗauka gwajin asibiti ne. Kafin La'asar gidansa ya cika, wata da ruwan tofi, wata da zuma da habbatussauda. Matarsa kuma ta ɗaure fuska, wai ya ɓoye mata ciwo.

Yanzu da kai yake amsa gaisuwata. Ya ce in cire sunansa, kuma in sa allon ya tsaya a kore ranar da mutanen asibitin za su zo duba aiki. To Anti, jan da ke kai yanzu na gaske ne: gyaran da ya yi ya sa manhajar tana juya rana da wata, sai a ce wa uwa ta kawo jariri lokacin da allurar ta riga ta wuce. Mama ta ce in yi abin da ya ce, ai ubana ne. In bi, ko in ƙi in zama butulu?

Mai Neman Mafita, Yakasai

'Yata, ni ma na yi dariyar, ki yafe mini. Na hango kawunki yana shan tofin cutar da ba ta same shi ba.

To mu raba maganar. A batun hoto, kawunki yana da gaskiya, ko da yake sai da abin ya iso kansa ya gane. An yi allon ne don a san abin da ya lalace a gyara, ba don a tsire mutum a bango ba. Da Hashim ne yake fitowa kullum, da tuni ya nemi wani aikin. Ki cire hoto da suna na kowa, ba nasa kaɗai ba. Allon ya nuna ɓangaren da ya samu matsala, sanarwa kuma ta tafi wayar mai ita shi kaɗai.

Kore na ƙarya kuwa, kar ki kuskura. Ba kawunki zai ji jiki ba, jaririn wata baiwar Allah ne da ta yarda da saƙon waya. In abin ya fashe daga baya, sunan da kike son karewa shi zai fara zubewa.

Ki same shi a gida, ba a gaban yaransa na ofis ba. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan saƙon dangi, don wannan laifinki ne tsaf. Sannan ki nuna masa kuskuren kwanan watan a wayarki, ki nemi izini ki gyara kafin baƙin su zo. Ki bar shi ya ce shi ya gano, ba abin da zai ragu a jikinki. In ya dage sai an rufe, ki gaya masa cikin ladabi ba da hannunki ba, ki kuma fahimtar da Mama cewa maganar lafiyar jarirai ce, ba ta girman Kawu ba. Ina kyautata zaton mutumin da ya koya miki aikin nan ya san abin da ja yake nufi. Kunya ce take ɗawainiya da shi.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya yi wa aikinku albarka, ke kuma Ya rage miki rawar kai.

Anti Kulu