An Auna Hannun Habiba, Ba a Auna Karatunta Ba

Zuwa ga Shugaban Makarantar Firamare ta ƙauyenmu, a ƙasar Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke aiki tare da kai. Ya aiki, ya haƙuri da yara? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni ne Sa'idu kafinta, mahaifin Habiba, 'yar siririyar yarinyar nan da ke zama bakin taga a aji ɗaya. Sau uku ina zuwa ofishinka tun da aka dawo daga hutu. Sau biyu aka ce ka tafi taro, na ukun kuma na tarar kana fama da babur ya ƙi tashi, ka ce in dawo wani lokaci. Ban ga laifinka ba, mai yara da yawa a wuyansa ba ya rasa uzuri. Shi ya sa na rubuta, kuma na rubuta a buɗe, don kada wani uba ya yi irin wautar da na yi.

Na farko, dalilin da ya sa ba ku san ta ba sai bana. Habiba shekararta tara da watanni, kuma tana da ciwon sikila. Sanyi ko dukan ruwa sau ɗaya ya isa ya kwantar da ita mako biyu a asibiti a Kankia. Tsakanin gidanmu da makaranta akwai ƙorama, ka san ta, da damina sai an naɗe wando ake tsallakawa. Da ta cika shekara shida muka duba muka duba, ni da mahaifiyarta, muka ce ta zauna gida tukuna, mu koya mata ɗan abin da muka sani.

Ba mu da allon bango, abin da ke gidan da shi muka yi. Lambobi a jikin tef ɗina na awo ta fara ganin su. Tana da shekara bakwai ta haɗa kujera 'yar tsugunno da guntayen katako, kujerar ta riƙa rawa. Na bar ta da ita. Kwana biyu tana juya ta, har ta ɗauko tef ta gano ƙafa ɗaya ta gaza sauran da rabin inci. Mahaifiyarta mai ƙuli-ƙuli ce, a wurinta ta koyi tiya nawa ta gyaɗa ke ba da kwalba nawa ta mai, da yadda ake raba tiya gida biyu da gida huɗu. Inna Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga ruga, ita ta nuna mata yadda ake kaɗa nono har man ya taso. Ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙuryar ɗaki, ta ga na ɗaki ya yi tsawo ya yi fari ya faɗi. Damina uku tana tara ruwan sama a gwangwanin madara, ta auna, ta rubuta a littafi. Karatun Hausa kuwa ba ta bar ko rubutun jikin buhun taki ba. Turancinta ne ba ƙarfi, don nawa ma gurgu ne.

Na biyu, ranar da na kawo ta. Bana jikinta ya yi ƙwari, likita ya ce za ta iya. Gero ya fara nuna lokacin. Ta zuba littattafanta uku da take rubuta ayyukanta na gida a jakar da mahaifiyarta ta ɗinka mata, tun kan hanya take tambayata wanne za ta fara nuna wa malam. Muka sami malamin da ke ɗaukar sabbin yara a tebur ƙarƙashin darbejiya, layi ya yi tsawo. Ya nemi takardar haihuwa, babu, a gida aka haife ta. Ya nemi takardar canjin makaranta, babu, ba ta taɓa shiga wata ba. Sai ya dubi ƙanƙantar jikinta ya ce ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, kamar yadda aka yi mana muna yara don a gane wanda ya isa makaranta.

Ranka ya daɗe, kafaɗar Habiba ta dama ciwon ya taɓa ta, ba ta ɗaguwa sosai. Yatsunta suka tsaya ba su kai ba. Tsoro ya kama ni kada a ce ba ta isa ba a koro mu. Ni da hannuna na kama gwiwar hannunta na tura. Na ji ta ja numfashi, ba ta yi kuka ba, yatsun suka taɓa kunnen. Malamin ya yi dariya ya ce da ƙyar, aji ɗaya. Ta ɗaga masa jakar da hannun hagu, ya ce, "Ajiye can, ɗiyata, nan za a koya maki tun daga hwarko." Ni kuma da nake cika majalisa da labarin ƙoƙarin 'yata, abin da ya fito daga bakina shi ne, mun gode.

Na uku, laifina, don kada a ce na zo tuhumar wasu na ɓoye nawa. Yayana ya sha gaya mini in je in yi mata takardar haihuwa, in kuma kai sunanta makaranta ko da ba ta zuwa, a riƙa kawo ta lokacin jarrabawa. Na yi masa dariya, na ce makarantar zaurena ta fi tasu. Girman kai rawanin tsiya. Na ɗauka ilimi a fuska ake ganinsa, ban san sai da takarda yake shiga ƙofa ba. Malamin nan rana ta dafa shi, ga iyaye na jira, ya yi abin da ya gada. Ni ne na san abin da ke cikin jakar, kuma ni ne na yi shiru. Wannan yana ci mini rai, kuma ban ga ranar da zai bari ba.

Na huɗu, halin da ake ciki yanzu. Habiba na zaune cikin 'yan shekara biyar da shida, ana rera ɗaya, biyu, uku. Makon farko ta riƙa ɗaga hannu tana amsa kowace tambaya, har aka ce mata ta rage iyayi ta bar ƙanana su koya. Yaran manyan aji, sa'o'inta, suka sa mata suna Gwaggon Aji Ɗaya. Mako na uku ta daina ɗaga hannu. Na duba littafinta na makaranta, na ga ta rubuta biyar da uku bakwai. Yarinyar da ke lissafa mini katakon ƙyaure da ka! Na tambaye ta, ta ce in ta ci duka ba mai wasa da ita. Ran Juma'ar da ta wuce ina goge katako ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, ashe abin da muke yi a gida duk wasa ne?" Na ce a'a. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda aka san tausayi ne ya sa shi magana. Tun ranar da na ce mun gode, maganata ba ta shaida a wurinta.

Saboda haka ga roƙona. Ka ware mata awa ɗaya, kai ko malamin da ka amince da shi. A buɗe littattafan nan, a ba ta karatu, a ba ta lissafi, a tambaye ta da Hausa, a gwada Turancin ma a ga iyakarsa. Duk ajin da kuka ga ya dace na amince, ko na biyu ne. In kun ga aji ɗayan ne wurinta, to ka faɗa mata dalili da bakinka, za ta karɓa. Ina kuma roƙo, duk yaron da ya zo ba takarda, a tambaye shi abin da ya sani kafin a ce ya kamo kunne. Yaran da ciwo ko nisa ya tsare a gida kuma, a duba yiwuwar rubuta sunayensu suna zuwa jarrabawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama aiki lafiya, ya saka wa malamanka da alheri.

Ban ce a yi mata alfarma ba, ranka ya daɗe. A tambaye ta kawai. Amma don Allah a hanzarta, domin kullum ta je makaranta tana ƙara ƙwarewa wajen nuna ba ta sani ba, kuma Habiba duk abin da ta sa kanta sai ta iya shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sa'idu Kafinta, mahaifin Habiba.