Faratan Mzia

Zuwa ga 'yata Mzia,

Ina gaishe ki, da babanki, da Kaka Guram. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiya nake a nan birnin Bari. Tsohuwar da nake jinya tana da nauyi, bayana yakan ɗan sage, amma ba wani abu ba ne.

Na ga hoton da kika turo. Farata zaƙo-zaƙo, har da jan farce. Mai wannan hannu ta daɗe rabonta da kaɗa piyano, ga gasar kiɗa ta birnin Tibilisi ta ƙarato. Kada ki yi mini musu.

Kin tuna gidanmu na Kutaisi lokacin sanyi? In tsoma miki yatsu a ruwan ɗumi, ki zauna ki yi ta maimaita wuri ɗaya, har maƙwabcinmu Otar ya leƙo ya ce, "Nanuli, kiɗan nan ba shi da gaba ne?" Masu baiwa suna da yawa, Mzia. Nacin nan ne ya kai ki inda kike.

Ki yanke faratan nan. Ranar Lahadi, in tsohuwar ta yi barcin rana, ki kira ni, ki ɗora wayar a kan piyano. Ko da kurakurai ne, ki kaɗa mini. Gidan nan shiru ya yi masa yawa.

Ubangiji ya tsare mini ke.

Mahaifiyarki,
Nanuli