Maƙogwarona da Muryar Baffa

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Autarku. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai dai maƙogwaron nan. Kullum na farka kamar na haɗiyi yashi. Na bi shawararka: na daina shan ruwan sanyi, na kashe fanka, har haɓata nake ɗaurewa da gyale kada in yi barci baki buɗe. Bai daina ba.

Jiya likita ya tambayi aikina. Da na ce shafa gam a masana'antar takalma, sai ya ajiye biro. Ya ce warin gam ɗin ne, kuma a hankali yake cinye murya.

Shekara shida ka yi a teburin shafa gam ɗin nan kafin ka samo mini aikin, Baffa. Dusashewar muryarka kuwa, cewa ka yi mura ce. Ka hana Auta zuwa, ka turo ni, 'yar marigayi ƙaninka.

Auta ta roƙe ni aiki a ɓoye. Na samo mata, dab da tukunyar gam. Idan ta fara kuka da maƙogwaro, zan ce ta kashe fanka.

Allah ya ja kwananka.

'Yarka.