Awa Tara Daga Kwala Lamfur

Misfala, Makka
12 ga Zulƙida

Ƙanena Sa'ud,

Bayan sallama da fatan kana lafiya. Mu dai sai addu'a. Asibiti sun sallamo Umma jiya, ba don ta warke ba. Likita ya ce mu kai ta gida, mai son ganinta ya zo yanzu.

Ka san halinta. Ranar da ka tafi aiki Kwala Lamfur ka ce mata, "Umma, awa tara ce kacal a jirgi zuwa Jidda," ta riƙe maganar nan gam. Yau ma ta ce, "Mujahida, in ya taso da hantsi ai da mu zai ci abincin dare." Ta sa na juya gadonta ya kalli ƙofa.

Haba Sa'ud! Sau nawa zan kira ka ƙi ɗauka? Me ya riƙe ka? Ka shigo jirgi.

Yayarka,
Mujahida

*

Kwala Lamfur
13 ga Zulƙida

Yaya Mujahida,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah Ya saka miki. Kunya ce ta hana ni ɗaukar wayarki.

Akwai abin da na ɓoye muku wata bakwai. Bizar fita da dawowa da na fito da ita ta ƙare ina nan, ina ta cewa sai na kammala aiki. Iƙamata, takardar zamana a Saudiyya, ta mutu da ita. A takarda yanzu ni baƙo ne mai fasfon Nijar, ni da aka haifa a ɗakin da Umma take kwance.

Na nemi bizar Umra, aka ce an rufe sai bayan Hajji. Ko na sauka Jidda ta wata hanya, ba ni da tasarihi, wato izinin shiga Makka, a shingen Shumaisi za a mai da ni.

Kullum ina buɗe taswira a waya. Kilomita dubu bakwai ne, Yaya, jirgi na tashi kowace rana, ga jakata a ɗaure. Wallahi tsoro nake ji. Ki gaya mata gaskiya, ki roƙar mini gafara, ni bakina ba zai iya ba.

Ƙanenki mai biyayya,
Sa'ud

*

Misfala, Makka
15 ga Zulƙida

Sa'ud,

Salamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Umma ta rasu jiya. An yi mata salla a Harami bayan magariba.

Ban gaya mata ba. Na shiga da wasiƙarka buɗe a wayata ina tafasa, ta dube ni ta ce, "Ya taso?" Na ce e, Umma, ƙarfe bakwai ya shiga jirgi. Allah Ya yafe mini.

Ta sa na sauko da agogon bango na jingina shi a ƙafar gado. Ta sha kunu, rabonta da abinci kwana uku. Kowace awa sai ta tambaye ni kana ina, ni kuwa in ƙirƙiro: yana kan teku, ya wuce Indiya. Da azahar ta ce in dafa maka shayi da na'ana'a, in rage sukari.

Da ƙarfe uku Umma ta cika. A lissafinta saura awa ɗaya ka sauka.

Fushi nake da kai, ba zan ɓoye ba. Amma ba ta san komai ba, gafarar da ka ce in roƙa kuwa ban roƙa ba. Shayin yana nan cikin fulas, na kasa zubarwa.

Ka huta lafiya.
Mujahida